Babi na Biyar: Tsirkiya Kafin Fenti

Leo Fender bai iya kaɗa jita ba. Sana'arsa ta asali gyaran rediyo ce, a shagon da ya buɗe a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1938, kuma da idon mai gyara ya ci gaba da kallon kayan kiɗa har ya bar duniya a 1991. Tambayarsa a kan kowace na'ura ɗaya ce: ran da ta lalace, ta ina za a buɗe ta, me za a cire, nawa mai ita zai kashe? Wannan halin nasa ne ya sa jitar bes ta lantarki ta zama abin da muka sani a yau.

Kafin zuwanta, mai riƙe gindin kiɗa a ƙungiyoyin Amurka fama yake yi da ƙatuwar bes ta katako, wadda ake kaɗawa a tsaye. Ta fi mai ita tsawo, sai an ɗaure ta a saman mota in tafiya ta kama, kuma duk girman nan nata, da zarar ganguna da ƙahoni sun tashi sai muryarta ta nutse. Wani mutumin Siyatil mai suna Paul Tutmarc ya ƙera ƙaramar bes ta lantarki tun a shekarun 1930, amma ba ta yi kasuwa ba. Wadda ta samu karɓuwa ita ce Precision Bass da Fender ya fitar a 1951. Gangar jikinta curin katako ne, ba rami a ciki. Wuyanta daban aka sassaƙa, aka ɗaure shi da noti huɗu kacal. Maɗaukin sauti, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, shi ma noti ne ya riƙe shi. Haka mazaunin tsirkiya da ke gindi, haka maɗauran da ke kai. Da sukundireba ɗaya mutum zai wargaza ta ya kuma mayar da ita a zama guda. Yawancin bes ɗin da ke kasuwa yau, daga ta miliyoyi har zuwa wadda ɗalibi zai iya tara kuɗinta, a kan wannan tsari aka gina su.

Abin da wannan yake nufi ga mai ita shi ne an bar masa ƙofa a buɗe: kusan babu abin da ba zai iya canjawa ba. Sai dai da yawa ta inda bai kamata ba suke farawa. Saurayi zai sayi bes yau, gobe yana tambayar inda za a fesa mata ja, alhali tsirkiyoyin da ta zo da su sun yi tsatsa, wuyanta ya lanƙwashe, yatsunsa suna shan wahalar da ba dole ba. Ni dai a wurina jerin a bayyane yake. Tsirkiya ce farko, sai saiti, sannan ado.

Tun a wajen saye ake gane wanda ya fahimci haka, musamman ga mai sayen ta hannu. Kada ka bari mai shago ya jona ta da amfilifaya tukuna. Kaɗa ta haka nan, ka manna ta a ƙirjinka ka ji ko katakon yana amsawa, ka bi kowace tsirkiya daga kai zuwa gindi kana sauraron inda sauti ke mutuwa da wuri. A irin ƙirar Fender akan samu irin wannan mataccen wuri a kan siririyar tsirkiya, tsakanin firet na biyar da na bakwai (firet su ne ƙananan ƙarafan da aka gitta a wuya). Kaɗan ba laifi ba ne, amma in ya yi yawa zai dame ka har abada. Daga nan ka ɗaga ta ka hango wuyan ta tsawonsa. Ɗan lanƙwasa gaba ana gyara shi. Murɗewa gefe kuwa ba ta da magani mai araha, ajiye ta ka wuce ko da launinta ya tafi da hankalinka. Abu na ƙarshe, ka nemi a juya sandar ƙarfen da ke cikin wuya a gabanka. In ta ƙi motsi, ko kan notinta ya cinye, to abin da ke hannunka kayan ado ne kawai.

Me ya sa sandar nan take da muhimmanci haka? Saboda nauyin da wuyan yake ɗauke da shi dare da rana. Tsawon tsirkiya daga ƙashin wuya (ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a ƙarshen wuya, kusa da kai) zuwa mazauni inci 34 ne a yawancin bes, wato santimita 86. Tsirkiyoyi huɗu, E da A da D da G, in an ɗaure su daidai, jan da suke yi wa wannan siririn katako ya kai wajen kilo 80. Mafi kaurinsu, E, tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ƙasa-ƙasa sosai, inda ƙirji ke rigan kunne ji. Sandar ƙarfen ce take ja baya don wuyan ya tsaya. Duk ran da ka canja kaurin tsirkiya, ka canja wannan ma'auni, dole ka koma kanta.

To, wace tsirkiya? A nan ne maganar take da daɗi, domin matsayin tsirkiya ga bes shi ne matsayin fata ga ganga: katako yana da tasa gudunmawar, amma abin da hannu ke taɓawa shi ne ke magana. Kowace tsirkiyar bes tana da zuciya ta ƙarfe, sannan an naɗe ta da wata waya. Idan wayar naɗin shimfiɗaɗɗiya ce, tsirkiyar takan fito sumul, santsi a yatsa, sautinta dunƙulalle mai duhu, yana bugawa ya kwanta da wuri. Idan kuma wayar naɗin zagayayya ce, sai tsirkiyar ta yi kaushi, sautinta ya yi haske da amo mai tsawo, ana jin ƙarar yatsa yana zamewa a kanta. A shekarun 1950 da farkon 1960 sumul ɗin ce kusan kowa yake amfani da ita.

James Jamerson, mai kaɗa bes na kamfanin Motown a Ditroit, shi ne babban shaidar abin da sumul za ta iya. Precision ce ta 1962 a hannunsa, da tsirkiyoyin La Bella masu kauri ƙwarai, kuma ba ya canja su sai in ɗaya ta tsinke. Ba ya goge wuyan ma, domin a ganinsa daɗin sautin a cikin dattin yake. Akwai soso a ƙarƙashin murfin mazauni yana danne amon, tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya har sauran makaɗa suna cewa ba ta kaɗuwa, shi kuwa da yatsa ɗaya na hannun dama yake yin duk abin da ake ji a faifai irin su What's Going On na Marvin Gaye, na 1971. Duk wanda ya saurari wannan faifai da kunnen basira zai ji cewa bes ɗin waƙa take yi a ƙarƙashin mawaƙin, kuma kowace ƙwayar sauti tana da farko da ƙarshe a fili. Tsofaffin tsirkiyoyin ne suka ba shi wannan. An sace bes ɗin 'yan kwanaki kafin rasuwarsa a 1983, har yau ba a gan ta ba. A Jamaika ma, Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley sumul yake ɗaura wa Jazz Bass ɗinsa, ita ma ƙirar Fender, kuma nauyin da ake ji a kiɗan rege daga nan yake.

A Ingila kuwa akwai wanda wannan sauti bai ishe shi ba. John Entwistle na ƙungiyar The Who so yake bes ɗinsa ta yi ƙara irin ta fiyano, ta keta ta tsakanin ganguna da jita. Shi da kansa ya ba da labarin yadda, lokacin ɗaukar My Generation a 1965, ya riƙa sayen sabuwar bes ƙirar Danelectro duk lokacin da siraran tsirkiyoyinta suka tsinke, saboda ba a samun na canji a kasuwa. A 1966 ya zauna da James How, mai kamfanin Rotosound, suka yi ta gwaji har suka daidaita tsirkiyoyin zagayayyen naɗi da aka sa wa suna Swing Bass 66. Cikin shekaru goma wannan iri ya mamaye duniya. Ba don shi ba, salon marin tsirkiya da babban yatsa, wanda Larry Graham ya fito da shi, da bai yi wannan tsawa da aka san shi da ita ba.

Sai kuma Jaco Pastorius, wanda ya haɗa abin da ake ganin ba ya haɗuwa. Jazz Bass ce ta 1962 a hannunsa, kuma kamar yadda ya riƙa faɗa, shi ya ɓamɓare firet ɗinta da hannunsa, ya cike gurabun. Amma tsirkiyar Rotosound yake so, ita kuwa kaushinta cin katako take yi in ba ƙarfe a tsakani. Sai ya shafe fuskar wuyan da irin ƙaron da ake shafa wa jiragen ruwa, shafi bisa shafi, har ta yi tauri da ƙyalli. Abin lura a nan: duk canjin da ya yi wa kamannin bes ɗin ya biyo bayan abin da kunnensa da hannunsa suke nema ne. Ita ma an sace ta a Niyok a 1986, ta sake ɓulla bayan shekara ashirin, daga baya Robert Trujillo na ƙungiyar Metallica ya sa kuɗinsa don ta dawo kusa da iyalan Jaco.

Mutum uku ke nan, bes iri kusan ɗaya, sauti uku da ba mai kama da wani. Ga wanda yake zaune inda tsirkiya take da tsada da wuyar samu, ina ba da shawarar ya yi tunani sosai a kan sumul. Kuɗinta ya fi yawa a ranar saye, amma tana shekaru, kuma tsufa ƙara mata kyau yake yi. Mai kaushin kuwa, gumi da ƙura suna shiga tsakanin naɗinta, cikin 'yan watanni haskenta ya dushe. Makaɗa sun daɗe suna tafasa irin wannan a ruwa, ko su jiƙa ta kwana guda a sifirit, don ta farfaɗo. Dabarar tana aiki na ɗan lokaci, kuma sifirit ya fi, tunda ruwa tsatsa yake jawowa. Amma ƙarfen da ya gaji ya gaji. Idan kiɗanka na mari ne, ko kana cikin ƙungiya mai ƙara da yawa, to ba makawa sai mai kaushi, ka sa kuɗinta cikin lissafinka. Wadda aka lulluɓe da nikel ta fi taushi a yatsa da kunne, ta bakin ƙarfe marar tsatsa ta fi kaifi kuma ta fi cin firet. Akwai wadda aka naɗe da baƙar roba, sautinta kusa da na bes ɗin tsaye, kuma a kan farar jita tana da kwarjini. Akwai masu rufin launi, kore da ruwan lemo da shuɗi, masu walƙiya a ƙarƙashin fitilar dandali. Ba na ƙin su, amma launin yakan goge a inda yatsa ke yawan bi.

Kauri kuma da lamba ake faɗarsa. Abin da aka fi sayarwa shi ne 45 zuwa 105, ma'ana siririyar kashi 45 cikin dubu na inci, mai kaurin kuma kashi 105. Wannan ya wadatar da mai farawa. Abin da ya kamata ka duba a jikin kwalin shi ne tsawo, domin akwai gajerun bes masu inci 30, irin su Mustang ta Fender da Höfner, akwai kuma masu tsirkiya biyar da ke kai inci 35. Ka kuma yi hattara da jabu, sun yi yawa, kuma farashin da ya yi sauƙi fiye da kima shi ne alamarsu ta farko.

Ɗaurin kansa aiki ne na natsuwa. Kwantar da bes a kan tabarma ko bargo, ka tallafi wuyan. Ya fi kyau ka canja ɗaya bayan ɗaya don wuyan kada ya rasa nauyinsa gaba ɗaya, sai dai in kana son goge fuskarsa, wanda cire duka na ɗan lokaci ba ya cutarwa. Sassauta tsohuwar kafin ka cire, kada ka datse ta tana ɗaure. Zura sabuwar ta mazauni, ka miƙe ta har ta wuce maɗaurinta da kamar santimita takwas zuwa goma. A nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa: wanda ya yanke ta gajere ya yi asarar kuɗinsa. Kafin ka sa filaya, lanƙwasa ta sosai a ƙasa da inda za ka yanke, don naɗin kada ya saki zuciyar, tsirkiyar ta mutu tun ba a kaɗa ta ba. Cusa bakin cikin ramin da ke tsakiyar maɗauri, kwantar da ita ta tsagin, sannan ka juya maɗaurin da kansa. Kada ka naɗa ta da hannu kana zagayawa, domin haka murɗe ta yake yi, kuma murɗaɗɗiyar tsirkiya sautinta yakan fito biyu-biyu. Naɗin ya riƙa sauka ƙasa, zagaye biyu ko uku, wani a ƙarƙashin wani ba tare da hawan juna ba. Dalilin saukar shi ne tsirkiyar ta danne ƙashin wuya da kyau. A ƙirar Fender, tsirkiyar A ce ta fi bukatar wannan, tunda ba ta da ɗan ƙarfen da ke danne D da G, don haka a bar mata ɗan tsawo. Idan sumul ce, ɓangaren da aka naɗe da zare kaɗai ya kamata ya hau maɗauri, in jikinta mai kauri ya hau zai iya ɓallewa. Da ta kai sautinta, danna ta da babban yatsa daidai inda ta hau mazauni da inda ta bar ƙashin wuya, ka ɗan ja ta sama a hankali, ka sake ɗaurewa, har ta daina sauka.

Saiti ya biyo baya, kuma shi ma yana da jerinsa. Fara da wuya: danne tsirkiyar E a firet na farko da na ƙarshe, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na takwas. Kamar kashi uku cikin goma na milimita ake so, kaurin katin kasuwanci. In ta fi haka, ɗaure sandar da alanki, in babu tazara ko kaɗan, sassauta. Rubu'in zagaye ya isa a lokaci guda, ka bar katakon ya huta kafin ka ƙara. Daga nan sai tsayin tsirkiya a mazauni, wajen milimita biyu da rabi a saman wuya, gwargwadon nauyin hannunka. Na ƙarshe, ka gwada sautin firet na 12 da na tsirkiyar a sake. In na firet ɗin ya haura, ja mazaunin baya, in ya gaza, tura shi gaba. Bes mai araha da aka yi wa wannan aiki ta fi mai tsada da aka bari haka nan daɗin kaɗawa, nesa ba kusa ba.

Wanda ke riƙe da bes a Kano ko Zinder ko Jos yana da ƙarin aikin da littattafan Turai ba su cika ambata ba. Katakon kayan kiɗa ya fi son danshin iska na wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Da hunturu iskarmu takan bushe ƙasa da rabin haka, sai fuskar wuyan ta tsuke, bakunan firet su fito suna yankar hannu, wuyan ya ƙara lanƙwasa. Da damina sai ya kumbura ya koma baya, tsirkiya ta fara zuza a kan firet. Saboda haka saiti sau biyu ne a shekara, ba sau ɗaya ba. Bakunan da suka fito, a goge su da ƙaramin zarto a tsakiyar hunturu, lokacin da suka fi fitowa, an gama da su ke nan. Fuskar wuya mai duhu wadda ba a yi wa shafi ba tana son ɗan man katako sau ɗaya ko biyu a shekara, ɗigo kaɗan a tsumma. Ban da man gyaɗa ko wani man girki, domin yana lalacewa ya yi ɗoyi ya kama ƙura. Kuma kada a bar ta a but ɗin mota da rana.

Yanzu mu zo kan ado, wanda ban raina shi ba ko kaɗan. Mutum yana ƙara ƙwazo a kan abin da yake jin daɗin kallo, kuma mai bes a dandali ana ganinsa kafin a ji shi. Paul McCartney ya zaɓi Höfner a Hambog a 1961 ne saboda kuɗinta, wajen fam 30, bai kai na Fender ba, kuma shi bahago ne, siffarta mai kama da goge na Turawa ba ta nuna an juya ta. Yau wannan siffa ta zama tambarinsa. Da aka sanar da gano bes ɗin a 2024, fiye da shekara hamsin bayan sace ta a Landan a 1972, labari ne da ya zagaya duniya. Bootsy Collins kuwa a tsakiyar shekarun 1970 ya sa aka ƙera masa bes mai siffar tauraro, daidai da tabaransa, ba wanda zai gan ta ya tambayi mai ita.

Tarihin launukan bes daga masana'antar mota ya fito. Da farko Precision ruwan katako ce mai haske, sannan a 1954 aka kawo mai duhun baki da hasken tsakiya. Wanda yake son wani launi sai ya ƙara kashi biyar cikin ɗari na kuɗin, a fesa masa fentin DuPont, irin wanda ake fesa wa motoci. Fiesta Red daga motar Ford ya zo, Lake Placid Blue da Sonic Blue daga Cadillac, Surf Green daga Chevrolet. Kamfanin Gibson ma da ya tashi fitar da Thunderbird a 1963, tsohon mai zana motoci Ray Dietrich ya ɗauko. Ta fito da kyau ƙwarai, amma kanta yakan rinjayi jikinta ya nufi ƙasa da zarar an saki wuyan, abin da masu ita suke fama da shi har yau. Kyan gani da daɗin riƙo ba kullum suke tafiya tare ba.

Ana cewa araha ba ta ado, amma a wannan fage ita ce ta fi dacewa da shi. Tsohuwar bes ta shekarun 1960 da ke da fentinta na asali, masu cinikinta sukan ce sake fenti yana zubar da kusan rabin darajarta, kuma ko ba maganar kuɗi, tarihi ne ake gogewa. McCartney da kansa ya zane Rickenbacker ɗinsa da launuka a 1967, daga baya aka kankare ta har katako, fentin farko bai dawo ba. Amma bes ɗin ɗalibi, wadda aka ƙera dubbai irinta, ba abin da za a yi asara. Yi mata abin da ranka yake so.

Duk da haka, fara da abin da za a iya warwarewa. Faifan robar da ke gaba shi ne ya fi saurin canja fuska: baƙar bes da farin faifai daban take da baƙar bes da faifai mai ruwan bayan kunkuru, kuma noti goma ko ɗan fiye da haka ne kawai tsakani. Sai dai ramukan ba sa dacewa daga kamfani zuwa kamfani, don haka a ɗora tsohon a kan sabon kafin a biya, ko a ba mai yanka roba tsohon ya fitar da irinsa. Maɓallan ƙara, murafun ƙarfe na maɗaukin sauti da mazauni, lambobin mannawa da ke kwaikwayon ado a wuya, duk ana sawa ana cirewa. Ka tara tsofaffin sassan da notinsu a leda ɗaya, ran sayarwa za ka gode wa kanka. Sai maratayi, wanda aka fi mantawa da shi alhali yana aiki biyu. Bes tana da nauyin kilo huɗu zuwa huɗu da rabi, kuma sa'a uku a tsaye da siririn maratayi ciwon kafaɗa ne. Mai faɗin santimita bakwai zuwa goma, da ciki mai kaushi da ke kama riga, yana raba nauyin ya kuma hana kai faɗuwa. A nan ba mu da bukatar jiran kaya daga waje. Dukawan Kano da Sakkwato da Agadas, da jar fatar akuya da ɗinkinsu na ado, za su yi maka wanda ba a samu a kowane kanti a duniya, in ka ba su awo ka kuma ce su ninka fatar wajen ramukan.

Abin da zuciyata ba ta karɓa ba shi ne tsufan saye. Tun 1995 kamfanin Fender yake sayar da sababbin jitoci da aka kankare, aka ƙwanƙwasa, aka sa wa ƙarafansu tsatsa da gangan, kuma suna da masoya da yawa. Na fahimci cewa wuyan da aka goge wa shafi ya fi daɗi a tafin hannu, wannan dalili ne na gaskiya. Amma gogewar da ke jikin bes ɗin Jaco taswirar inda damtsensa ya yi shekaru yana kwanciya ce. Wanda ya sa samfefa ya zana wa tasa irin wannan ya ɗauki tarihin hannun wani ya ɗora a inda nasa ya kamata ya fito. Ga shi kuma tun wajen 1968 aka koma fenti mai kauri irin na roba, wanda ba ya sirancewa a hankali kamar na da, sai dai ya ɓantare, don haka kankarar gida kusan kullum tana tona kanta.

Idan ka yanke shawarar sabon launi, mai fentin mota na kirki zai iya, tunda asalin abin nasu ne. Kai za ka wargaza ta da kanka, bayan ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke. Gangar jikin kaɗai za ka kai. Ba sai an kankare har katako ba, a goge tsohon fentin ya yi kaushi, a yi shimfiɗa, a fesa siriri. Ka tsaya a kan a rufe gurbin da wuya yake zama da tef, domin kaurin fenti a wurin yana karkatar da wuyan, a kuma toshe ramukan noti. Ka ba shi makonni ya bushe sosai kafin ka ɗaura komai, in ba haka ba mazauni zai nutse a ciki ya bar shaida. Tunda cikinta a buɗe yake, wannan ne lokacin liƙa tef na jan ƙarfe a ramukan wayoyi, wanda ke rage zuzar da ake samu kusa da janareta da fitilu, musamman a Jazz Bass. Wajen mayarwa kuma, akwai wata siririyar waya da ke fitowa ta ɗan rami a ƙarƙashin mazaunin tsirkiya. Fenti yakan rufe ta, ko mai haɗawa ya manta da ita. Kankare bakinta har ƙarfe ya fito, ka baza shi yadda mazaunin zai danne shi. In ba ta taɓa ba, bes ɗin za ta riƙa zuza ko hannunka yana kan tsirkiya, ka yi ta zargin amfilifaya da wayar jona alhali laifin yana ƙarƙashin noti biyar.